Karatun Mai Zaman Kaɗaici a Ƙasar Hausa: Waiwaye Daga Yankin Korahane (Dakwaro)

0. Gabatarwa

Galibin rubuce-rubucen da aka yi game da tarihin karatu a ƙasar Hausa sun tsaya ne a kan makaranta, ta allo da ta zaure da ta boko, wato wuraren da mutane ke taruwa gaban malami. A cikin wannan ƴar maƙala muna so mu dubi wani ɓangare da ba a cika kulawa da shi ba, shi ne karatun da mutum yake yi shi kaɗai bayan taro ya watse, don ya ɗebe wa kansa kewa ko ya gyara halinsa. Mun ɗauki yankin Korahane, wanda ke yamma da garin Dakwaro cikin jihar Maraɗi, a matsayin madubi, domin irin zaman da ake yi a can ya daɗe yana raba mutum da danginsa na tsawon watanni. Tambayoyinmu uku ne: wane ne yake zama shi kaɗai, me yake karantawa, kuma daga ina abin karatun yake zo masa? Za mu nuna cewa al'adar malamai ta tanadar wa mai kaɗaici guzuri tun da daɗewa, alhali tsarin boko a Nijar ya koyar da baƙi da wasali amma bai tanadi abin da za a karanta da dare ba.

1. Kalmomi da muhalli

1.1. Kaɗaici, kewa da karatu

Bahaushe bai ɗauki zaman kaɗaici abin so ba. Yakan ce kaɗaici sai Allah, yakan kuma ce mutum rahama ne. Wanda ya ƙaurace wa dandali da majalisa ba dalili, ana yi masa zaton ciwo ko mugun nufi. Maganin kewa a al'ada shi ne hira, saboda haka ake cewa an “ɗebe kewa”, kamar dai kewar wani abu ce da ke taruwa ana kwashewa.

Ita kuwa kalmar karatu, wadda ta samo asali daga Larabci, ta ƙunshi duban rubutu da rera shi da haddace shi da neman ilimi gaba ɗaya. Idan ana nufin karatun da ba murya, sai an ƙara bayani an ce “a zuci”. Wannan ya nuna mana cewa asalin karatu a wajen Bahaushe abu ne da kunne ke ji. Mai karatu shi kaɗai yana jin muryar kansa, maƙwabci ma yana ji ta bayan danga, don haka bai fita daga cikin jama'a ɗungurungum ba.

1.2. Yankin Korahane

Ƙasar Dakwaro tana kan iyakar noma da kiwo, inda kwarin Tarka ya ratsa. Yawancin ƙauyukan manomanta ba tsofaffi ba ne: an sare su ne cikin ƙarni na 20, lokacin da Gobirawa da Adarawa da wasunsu suka riƙa hawowa neman sabuwar gona, suka tarar da Fulani da Buzaye da Abzinawa suna kiwo. Turawan Faransa sun buɗe bariki a Dakwaro a 1947. Dokar ranar 26 ga Mayu 1961 ta shata iyakar arewa da noma bai kamata ya wuce ba, iyakar kuwa ta bi ta wannan ƙasa. Korahane ta zama ƙaramar hukuma ta karkara a sabon tsarin mulki na 2002.

Wannan tarihi ya haifar da zama a warwatse: tunga nan, ruga can, zango a gefen rijiya. Farin 1973-1974 da na 1984-1985 sun ƙara ƙarfafa al'adar ci-rani, maza su tafi Maraɗi ko Kano ko Ikko ko Libiya bayan girbi, mata da tsofaffi su tsare gida. Ke nan masu kaɗaici iri-iri ne: ɗan ci-rani a ɗakin haya, matar da ya bari, gardin da ya yi nisa da gida, mai takaba, da kuma ma'aikacin da gwamnati ta turo daga wata jiha, wanda wani lokaci ko harshen garin bai iya ba.

2. Guzurin da malamai suka tanada

2.1. Gardi da kiskadi

A tsarin tsangaya, kaɗaici mataki ne na karatu. Yaro yana farawa kolo cikin hayaniyar ƴan uwansa, ya zama titibiri, ya zama gardi. Idan gardi ya ƙudurta haddar izu sittin, sai ya bar gari, sau da yawa ya nufi gabas wajen Barno, ya kafa ƴar bukka a kiskadi, wato keɓaɓɓen wuri a bayan gari inda ba abin da zai ɗauke masa hankali. Can yake kwana tilawa, ya rubuta allonsa da ka, ya kawo wa alaramma a duba satu. Abin lura a nan shi ne, kaɗaicin nan yana da iyaka kuma yana da mai sa ido. Gardi yana fita ne don ya dawo da abin da jama'a za su shaida. Haddar da ya samu kuwa ita ce dukiyar da ba ta buƙatar fitila ko takarda, tana tare da shi a gona, a kan hanya, ko a gadon jinya.

2.2. Halwa da wuridi

Hanya ta biyu ita ce ta sufaye. Imamu Gazali, wanda ya bar kujerar koyarwa a Bagadaza a 1095 ya shiga yawon keɓewa, ya ware babi guda cikin Ihya'u Ulumiddini don ladubban keɓewa daga mutane. A ciki ya auna amfanin keɓewa da amfanin cuɗanya, ya kuma yi gargaɗi cewa wanda ya keɓe kafin ya yi ilimi hasara zai yi. Malaman Sakkwato sun san wannan littafi ƙwarai. Shehu Usmanu, wanda aka haifa a Maratta cikin ƙasar Gobir a 1754, ya kuma bi malaminsa Jibrilu ɗan Umaru har Agadas, ya sha ɗauko maganganun Gazali cikin wallafe-wallafensa. A Abzin kuwa, tun ƙarni na 16 Sidi Mahmud al-Bagdadi ya koyar da halwa cikin duwatsu, kamar yadda H. T. Norris ya bayyana cikin littafinsa na 1990.

Talaka ba ya shiga halwar kwana arba'in, amma ya gāji ƙaramin siffarta. Littafin Dala'ilul Hairati na Shaihu Jazuli (ya rasu a 1465) an kasa shi bisa kwanakin mako, ana farawa daga Litinin, ta yadda kowace rana tana da rabonta. Wanda ba shi da abokin zama, kwanaki sukan rikice masa, to littafin yakan zame masa kalanda. Haka Ishiriniyar Alfazazi (ya rasu a 1230) da Burdar Busiri, waɗanda ake rerawa a taron Mauludi, mutum kuma ya ci gaba da su shi kaɗai. Ƙananan bugu na waɗannan littattafai, cikin gafaka ko aljihun riga, su ne suka fi kowane littafi yawo tsakanin kasuwannin ƙauye.

Akwai kuma waƙoƙin da aka tsara musamman don mai ƙunci. Munfarija ta Ibnun Nahwi (ya rasu a 1119) sunanta ma daga “faraji” yake, wato yayewar baƙin ciki. Daga tushen kalmar nan ne Malam Aliyu Namangi na Zariya, makaho tun yana ƙarami, wanda ya rasu a 1990, ya raɗa wa doguwar waƙarsa suna Imfiraji. An buga ta da ajami da boko, makafi kuma suka yaɗa ta da baki har cikin Nijar. Ga littafin da wanda bai taɓa ganin baƙi ba ya tsara, waɗanda ba su iya karatu ba suka haddace, masu karatu kuma suka saya don su riƙa bi a ɗaki.

2.3. Mata

Kaɗaicin mace yakan zo ne a tsakiyar gida: kulle, tafiyar miji, ko takaba ta wata huɗu da kwana goma. Nana Asma'u (1793-1864) ta gane haka. Ta naɗa jajis, tsofaffin mata amintattu, waɗanda ke zuwa wurinta tare da ƴan taru su koyi waƙoƙi, su koma ƙauyuka su isar wa matan da ba su iya fita. Daga cikin abin da ta tsara akwai gajeruwar waƙa mai tattare da sunayen surorin Alƙur'ani duka, don wadda ba ta sauke ba ta sami abin riƙewa, da kuma Tabshirul Ihwani na 1839 a kan fa'idojin surori ga mai ciwo, mai tsoro, da mai damuwa. Marsiyoyin da ta yi wa ƴan uwanta da ƙawayenta su ma sun koya wa mata yadda ake kuka ba tare da an saɓa wa haƙuri ba. Jean Boyd ta tattara tarihin wannan aiki cikin littafinta na 1989.

2.4. Waɗanda aka raba da gida

Tarihi ya adana mana misalan manyan da aka tilasta wa kaɗaici. Ahmad Baba na Tumbutu, wanda aka kai Marrakesh a 1594 bayan mamayar Maroko, ya koka da asarar littattafansa 1600, amma a can ya wallafa Nailul Ibtihaji, kundin tarihin malaman Malikiyya. Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi, mawaƙi, Turawan Ingila suka sauke shi suka kai shi Lakwaja inda ya rasu a 1924. A Nijar, an tsare Bubu Hama bayan juyin mulkin 1974, an kuma tsare Abdullahi Mamani zamanin Kunce, wanda littafinsa Sarraounia ya fito a Paris a 1980. Abin da ya haɗa su shi ne, alƙalami da abin da ke cikin ka su ne suka rage musu sa'ad da aka ƙwace sauran.

Idan muka tattara wannan sashe, za mu ga siffofi uku. Karatun na maimaici ne, littafi ɗaya ake bi shekara da shekaru. Na murya ne. Sa'an nan yana da salsala: mai karatu ya san wanda ya ba shi izini, ya kuma san cewa a daidai lokacin nan dubban mutane suna karanta abin da yake karantawa.

3. Zuwan boko

3.1. Littattafan Zariya

Boko ya kawo wani abu sabo, wato littafin hira, wanda ake karantawa don a ji yadda labari zai ƙare. Gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Magana Jari Ce ya biyo baya daga 1937, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo kuma ta fara fita a Janairun 1939. Yana da kyau mu lura da ginin littafi na farko na Magana Jari Ce: sarki ya fita yaƙi ya bar ɗansa a gida, aku kuma yana ba yaron labari dare bayan dare don ya hana shi fita cikin halaka. Ashe tun farko an gabatar da littafin a matsayin abokin hirar wanda aka bari shi kaɗai, mai nishaɗantarwa kuma mai tsarewa.

Waɗannan littattafai ba a yi su don Nijar ba, amma iyaka ba ta hana su shigowa ba. Fataken Maraɗi da ke zirga-zirga Katsina da Kano, da ƴan ci-rani masu dawowa gabanin damina, su ne suka zama hanyarsu.

3.2. Mushe a ƙauye

A ɓangaren Faransa kuwa, lakwal ba ta yarda da harshen gida ba, kuma lokacin samun ƴancin kai a 1960 yaran da ke zuwa makaranta ba su kai kashi 5 cikin 100 ba. Wanda ya tsallake ya zama mushe ko malamin asibiti ko malamin gona, sai a tura shi inda ake buƙata, ba inda danginsa suke ba. A ƙauye irin na ƙasar Dakwaro, mushe yakan kasance shi kaɗai ne mai jin Faransanci. Da rana yana koyar da yara, da dare yana da fitilar ƙwai da akwatin littattafai: tsofaffin littattafan aji irin su Mamadou et Bineta, da na marubutan Afirka kamar L'Enfant noir na Camara Laye (1953), L'Aventure ambiguë na Cheikh Hamidou Kane (1961), daga baya kuma Abboki na Mahamadu Halilu Sabbo (1978), wanda ke ba da labarin ƴan ci-rani masu tafiya bakin teku.

Karatun mushe ya sha bamban da na gardi. A zuci yake yinsa, cikin harshen da maƙwabtansa ba su ji, kuma sau da yawa yana da wata manufa ta daban, wato shirin jarrabawar ƙarin girma wadda za ta fid da shi daga ƙauyen. Gardi yana karatu ya ƙara shiga jama'a, mushe kuwa karatunsa yana ɗebe masa kewa amma yana ƙara tazara tsakaninsa da mutanen gari. Daga 1998, da aka fara ɗaukar malaman sa-kai, sa'an nan ƴan kwantaragi masu ƙaramin albashi, yawan matasan da ke irin wannan zama ya ƙaru ƙwarai, ikon sayen littafi kuwa ya ragu, musamman tun da karyewar darajar sefa a Janairun 1994 ta riga ta ninka kuɗin duk littafin da ake shigowa da shi daga Faransa.

4. Yaƙi da jahilci da ƙarancin abin karatu

Nijar ta kafa ma'aikatar yaƙi da jahilci a 1963, ƙasar Maraɗi kuma tana cikin wuraren da aka fara gwaji. An buga jaridun karkara da Hausa, irin su Gangaa, Saabon Ra'ayii, Kasaa May Albarkaa da Muryar Damagaram, aka kuma buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973. Wannan aiki ne babba, amma muna ganin ya yi rauni ta fuska biyu dangane da batunmu.

Na farko, ƙa'idar rubutu. Bayan taron Bamako na 1966, Nijar ta bi tsarin ninka wasali don nuna tsawonsa, kamar yadda sunayen jaridun suka nuna, alhali Zariya ba ta yin haka. Manomin da ya sha wahala ya koyi baƙi sai ya tarar da rubutun da ke kasuwa ya ɗan bambanta da na ajinsa. Sai a taron Yamai na 1980 aka daidaita ƙa'idojin ƙasashen biyu, dokar 1999 kuma ta tabbatar da rubutun da ake bi a Nijar.

Na biyu, abin da aka buga. Yawancinsa na koyar da aiki ne: auna gyaɗa, lissafin ƙungiyar manoma, tsabtar rijiya, zuba taki. Duk suna da amfani, amma ba wanda zai ɗauki takardar zuba taki ya kwana da ita don kewa. An tsara karatun don taro, kamar yadda aka tsara ƙungiyoyin sauraron rediyo tun 1962, mutane su zauna gaban mai jagora su tattauna. Da aji ya tashi, ɗalibi ya koma tungarsa, ba abin da zai ja shi ya buɗe takarda, bayan damina biyu ko uku sai baƙaƙen su gudu. Wanda ya yi allo kuwa bai mance nasa ba, saboda wuridi yana tilasta masa bita kullum. Bambancin ba a kaifin ƙwaƙwalwa yake ba, a wurin amfani yake. Har zuwa 2018, ƙididdigar UNESCO ta nuna manyan da suka iya karatu a Nijar ba su wuce kashi 35 cikin 100 ba.

5. Daga littattafan Kano zuwa wayar salula

Giɓin da hukuma ta bari, kasuwa ce ta cike shi. Daga tsakiyar shekarun 1980 matasan Kano da kewaye suka shiga buga littattafansu da kuɗinsu: Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed, Budurwar Zuciya (1987) da Alhaki Kuykuyo Ne (1990) na Balaraba Ramat Yakubu, In Da So Da Ƙauna (1991) na Ado Ahmad Gidan Dabino, Allura Cikin Ruwa na Bilkisu Funtuwa. Ƙanana ne, masu araha, ana ba da hayarsu, ana kuma rabo su kashi-kashi don mai karatu ya dawo neman ci gaba. An zarge su da ɓata tarbiyya, har aka ƙona wasu a Kano a 2007. Duk da haka, su ne suka fara yi wa matar da ke cikin gida magana a kan abin da ke damunta: kishiya, auren dole, saki, rashin miji a gida. Mata da yawa da suka bar makaranta da wuri, waɗannan littattafai ne suka riƙe musu karatunsu.

Wayar salula ta buɗe wani babi. Gwajin da aka yi a jihohin Doso da Damagaram a 2009 da 2010, ƙarƙashin shirin ABC, ya nuna cewa manyan da aka koya wa aika saƙo da waya tare da darasin yaƙi da jahilci sun fi sauran riƙe abin da suka koya. Dalilin bai da wuyar ganewa: suna da wanda za su rubuta wa. Yanzu labaran Hausa suna yawo ta WhatsApp, ana kuma karanta su da murya a YouTube, Alƙur'ani da Dala'ilu da Ishiriniya duk suna cikin katin waya. Ta wata fuska an koma gidan jiya, karatu ya sake zama abin kunne. Sai dai mai saurare ba ya bita da idonsa, kuma waya tana buƙatar caji da kuɗin intanet, abubuwan da ba kowace tunga ke da su ba.

6. Kammalawa

Mun ga cewa karatun mai kaɗaici tsohon abu ne a ƙasar Hausa, kuma ya ɗore ne a duk inda aka haɗa abubuwa uku: littafi ƙarami mai araha, harshen da zuciya ke ji, da dalilin komawa gare shi kullum. Malaman tsangaya da na ɗariƙa sun haɗa ukun, marubutan Zariya da na Kano sun haɗa su ta wata hanya, tsarin boko na Nijar kuwa ya daɗe yana riƙe da ɗaya ya saki biyu.

A watan Maris na 2025 sabon kundin tsarin ƙasa ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa. Muna ganin wannan mataki ba zai isa ƙauyukan Korahane ba in an tsaya ga littattafan aji da takardun hukuma. Shawararmu ga sassan harsuna da tarihi na jami'o'inmu, musamman ta Abdu Mumuni a Yamai, ita ce su tattara waƙoƙin ajami da labaran kafuwar ƙauyukan ƙasar Dakwaro daga bakin tsofaffi, a buga su ƙanana da boko da ajami, a bi da su ta hannun masu sayar da littattafai na kasuwannin mako, waɗanda suka riga suka san hanya. Haka kuma ya kamata kowace makarantar ƙauye ta sami akwatin littattafan aro da Hausa, Fulatanci, Tamajak da Faransanci, wanda mushe da mutanen gari za su yi tarayya a kansa. Mataki na gaba a wannan nazari shi ne ƙidayar littattafan da ke cikin gidaje da gafakokin malamai na yankin, tunga bayan tunga.